Tambaya da Amsa: Fim da Ƙaramin Jari, A Ina Kuɗin Ke Maƙalewa?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a 'yan makonnin nan yawancinsu daga Bauchi da Gombe suka fito, kuma zancensu bai wuce ɗaya ba: yadda za a haɗa fim da ɗan abin da ke hannu, a kuma fitar da shi har ya isa ga masu kallo. Mun zaɓi shida, mun rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Wunti, na rubuta labarin fim da zai kai awa ɗaya da rabi. Na tara naira miliyan 2, kawuna kuma ya yi alkawarin ƙara mini miliyan 1. Kuɗin za su isa? Yaya zan raba su? (Daga wani matashi a Bauchi)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko za su isa ko ba za su isa ba, amsar tana cikin takardun da ka rubuta. Ɗauko labarin da biro ka ƙirga abu huɗu: wurare nawa za a yi ɗauka, mutum nawa ke da magana, fitowa nawa ce ta dare, fitowa nawa kuma ke buƙatar taron jama'a. A tsarin rubutun fim shafi ɗaya yakan ba da kimanin minti ɗaya, ke nan labarinka shafi 90 ne. Idan ma'aikata sun san aikinsu kuma ba a yawan tashi daga wannan unguwa zuwa waccan, za a iya cin shafi 8 zuwa 10 a rana, wato kwana 9 zuwa 11. Sai ka fita ka tambayo abin da rana ɗaya take ci a farashin yau: hayar kyamara da fitilu, man janareta, abincin mutum 15 ko 20, mota, masauki, sallamar ma'aikata. Ka ninka sau 11. Idan abin da ya fito ya haura naira miliyan 1 da dubu 350, to labarin za ka koma ka rage.

Ga inda muka samo wannan adadi. Shawararmu ita ce a cikin miliyan 3 ka ware dubu 300 don shiri kafin ɗauka (gyaran labari, zagayen duba wurare, gwaji da 'yan wasa, sutura), miliyan 1 da dubu 350 don lokeshin (kwanakin ɗauka), dubu 600 don editin da gyaran sauti da kiɗa da fassara, dubu 450 don tacewar hukuma da talla, sannan dubu 300 ka ɓoye su kamar babu su. Wannan rabo ba doka ba ce, amma kada lokeshin ya cinye fiye da rabin jari. Ƙananan fina-finai da dama da suka mutu, bayan an tashi daga lokeshin suka mutu: an gama ɗauka da murna, an yi hotuna, sai aikin ya shekara a kwamfutar edita saboda babu abin biyansa, in ma ya fito, babu ko kuɗin buga fosta.

Rage labari ba ya nufin lalata shi. Fitowar biki da ke buƙatar mutum 80 da makaɗa da rumfa, ana iya mayar da ita ɗakin amarya da mutum 6, ana jin guɗa da kiɗa daga waje. Fitowar dare tana cin fitilu da mai da lokaci, don haka duk wadda za ta yi ma'ana da rana a mayar da ita rana. A kuma jera ɗauka bisa wuri: duk abin da zai faru a gidan Alhaji a ɗauke shi a kwana biyu a jere, ko da rabinsa na farkon labari ne rabinsa na ƙarshe. Nan ne ake buƙatar mutum ɗaya da littafi da waya, yana rubuta wace riga aka sa a wace fitowa yana ɗaukar hoto, don kada jaruma ta shiga ɗaki da jan mayafi ta fito da kore.

Idan ka ƙudurta sai ka gayyato fitaccen jarumi daga Kano, ka sani tafiyar kilomita kusan 300 ce, da masauki, da sallama. Ka rubuta masa rawar da za a gama a kwana ɗaya ko biyu a gida ɗaya, ka biya rabi kafin zuwa, rabi bayan fitowarsa ta ƙarshe.

Abu ɗaya da ba a yi masa rowa shi ne sauti. Mai kallo a waya yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana sai ya wuce. A nemi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ga duk mai magana, da mutum guda da belun kunne wanda aikinsa sauraro kaɗai. A kai janareta bayan katanga da doguwar waya ta mita 30 zuwa 50, a kashe fanka da firji lokacin ɗauka, a naɗi shirun kowane ɗaki na daƙiƙa 30 don edita ya cike giɓi da shi. A saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawarta kuma ɗaya bisa 50, domin wutar Najeriya a kan 50 take juyawa. In aka bar ta a saitin Amurka, fitilun ɗaki za su riƙa rawa a hoto, kuma gyaransa a editin wahala ce. Kowane dare a kwafe aikin ranar a faifan ajiya biyu, su kwana a hannun mutum biyu daban, kafin a goge katin kyamara.

Sai batun kawu. Kada ka sa ranar fara ɗauka sai kuɗinsa sun shigo hannunka. Kuma ku zauna ku fayyace: kyauta ce, rance ne, ko jari? In jari ne, tsarin da malamai ke kira ƙiradi ko mudaraba shi ya fi dacewa: ana raba riba bisa kason da aka amince tun farko, ba a yanke wa mai kuɗi wani tsayayyen adadi, asara kuma tana kan jari matuƙar mai aiki bai yi sakaci ba. Ku nemi malami ya duba muku. A rubuta a takarda da shaidu biyu, a faɗi me ake nufi da riba, wa za a fara biya in kuɗi sun shigo, da kuma sunan wa ke kan tashar da za a ɗora fim. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ka buɗe asusun da ba ya haɗuwa da kuɗin ɗinki.

Tambaya: Ina da shagon atamfa da leshi a Gombe. Wasu yara masu fim mai dogon zango sun zo suna so in ɗauki nauyin zango ɗaya, su kuma su tallata mini shago. Ban san harkar ba. Me zan nema a wurinsu? (Daga wata 'yar kasuwa a Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, ki fara raba abu biyu da yaran kan haɗa a baki ɗaya. Talla daban, zuba jari daban. In talla ce, kin sayi wuri ne a cikin fim, ba ki da rabo a riba, asararsu kuma ba ta shafe ki ba. Mu ita muke ba ki shawara, tunda ba ki san harkar ba.

Kada yawan mabiyan tasharsu ya ruɗe ki, domin ana sayen mabiya. Ki ce su buɗe YouTube Studio, manhajar da ke nuna wa mai tasha alƙalumanta, a wayarsu a gabanki, ki duba kallo nawa suka samu a kwana 28 da suka wuce, minti nawa mutum kan yi kafin ya fita, maza ne suka fi yawa ko mata, kuma daga ina suke kallo. Idan akasarinsu samari ne, ko mazauna Nijar da Saudiyya, ke kuma ba ki aika kaya nesa, tallar ba za ta kawo miki ciniki ba komai yawan kallon.

A takarda a rubuta kashi nawa za ki fito, daƙiƙa nawa, a wane wuri. Tallar da aka liƙa a farko ana tsallake ta, wadda aka sa a ƙarshe kuma kusan babu mai kaiwa. Wadda ta fi aiki ita ce wadda ta shiga cikin labari, misali ana haɗa lefe a shagonki, sunan shago da lambar waya suna ƙasan allo na daƙiƙa 8 zuwa 10, yadda mutum zai iya karantawa. Ki raba biya uku: ranar sa hannu, ranar da aka nuna miki wurin da kika fito bayan editin, da ranar da kashi na ƙarshe ya hau. In za ki ba da aron kaya, a lissafa su, a faɗi wa zai biya in sun lalace. Don ki san ko tallar ta yi aiki, ki ce duk wanda ya ambaci sunan fim ɗin za a yi masa ɗan ragi, sai yaron shago ya riƙa rubutawa.

Su kuma yaran, akwai wurin da YouTube ya tanada da ake dannawa a bayyana cewa akwai tallar da aka biya a cikin bidiyo, su danna shi. Kuma su guji tallar maganin da ba shi da lambar NAFDAC, ko nawa aka ba su.

Tambaya: Na ɗora fim ɗina a YouTube wata uku da suka wuce, an kalle shi sau 40,000, amma ko kwabo ban gani ba. Sannan na gan shi a wata tasha da ba tawa ba. (Daga wani ɗalibi a Azare)

Amsa: Malam, YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta cika sharaɗi: mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka gabata, ko kuma mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne. A ce kowane mai kallo cikin 40,000 ɗin nan minti 5 ya yi ya fita, ka tara minti 200,000 ke nan, wato awa 3,333, ba ka kai ba. Shi ya sa minti biyun farko na fim suka fi komai tsada. Jerin sunaye da godiya ga iyaye da masu gida a mayar da su ƙarshe, a buɗe da rikicin labari. Shi ya sa kuma masu shirya fim suka karkata ga dogon zango: kashi 12 na minti 25 da ke fita rana ɗaya a kowane mako yana dawo da mutum sau 12, fim guda kuwa sau ɗaya.

Bayan an karɓe ka, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogon bidiyo naka ne. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya. Kuɗin ta AdSense, tsarin biyan kuɗin talla na Google, suke biyowa: in sun kai dala 10 za a aiko maka da lambar sirri ta gidan waya, don haka ka ba da adireshin da wasiƙa ke isa da gaske, ba a biya sai sun kai dala 100, kuma tsakanin 21 da 26 ga wata ake turawa. Sunan da ke AdSense ya zama daidai da na katin shaidarka da na banki, harafi da harafi. Ka cike fom ɗin haraji: Amurka za ta cire kashi 30 daga abin da ka samu ta masu kallo da ke ƙasarta kaɗai, amma wanda ya ƙi cikewa ana iya cire masa har kashi 24 na duk abin da ya samu. Ka kuma sani kallo daga Najeriya da Nijar ba ya kawo kuɗi kamar kallo daga Turai ko Amurka, saboda masu talla a nan ba sa biya da tsada.

Wani abin da ke kashe tasha shi ne kiɗan aro. Ka ɗauko kiɗan fim ɗin Indiya ko waƙar wani ka sa a ƙarƙashin fitowar kuka, na'urar YouTube za ta gano shi, kuɗin tallar bidiyon ya tafi wurin mai kiɗan. In mai abin ya kai ƙara aka cire bidiyon, gargaɗi ɗaya ke nan, uku kuma rufe tasha. Ka biya mai situdiyo a garinku ya buga maka naka, ya sa hannu cewa ya mallaka maka.

Wanda ya kwafe maka fim, akwai fom na neman a cire bidiyo saboda satar fasaha a cikin YouTube Studio. Ka cike da adireshin bidiyonka da nasa. Ka adana ainihin fayilolin kyamara da takardun yarjejeniya, su ne hujjarka a nan da kuma gaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. 'Yan tura fim a waya a bakin kasuwa kuwa ba za ka iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da za ka iya shi ne ka sa tambarin tasharka a kusurwar hoto, kuma kada cikakken fim ya fita daga hannun edita zuwa wayar kowa, har da jarumai, kafin ranar saki.

Tambaya: Shin akwai tallafin gwamnati ko rancen banki ga mai fim na farko? (Daga wani mai karatu a Kaltungo)

Amsa: An yi shirye-shirye. A 2013 gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 a shirin Project ACT Nollywood, Bankin Masana'antu ya fito da NollyFund a 2015, Babban Bankin Najeriya kuma ya ƙaddamar da rancen masana'antun fasaha a 2019. Irin waɗannan sukan nemi kamfani mai rajista, tsarin kasuwanci a rubuce, shaidar inda za a sayar da fim, da jingina ko mai tsaya wa mutum. Mai fim na farko ba kasafai yake da su ba, kuma ra'ayinmu shi ne kada a ci bashin banki don fim na farko, domin ranar biya tsayayya ce, ranar shigowar kuɗin fim kuwa babu wanda ya san ta.

A waje akwai asusun Hubert Bals na bikin fina-finan Rotterdam, da World Cinema Fund na bikin Berlin, da IDFA Bertha na bikin Amsterdam ga masu fim ɗin da ke nuna abin da ya faru da gaske. Da Turanci ake nema, ana gogayya da duniya, kuma za su so ganin aikin da ka taɓa yi. Ka fara da gajeren fim na minti 10 mai kyau da fassara. Kickstarter ba ya karɓar aikin da mai shi ke zaune a Najeriya. Duk wanda kuma ya ce ka tura kuɗin fom zuwa asusunsa na kansa don ya samo maka tallafi, ɗan damfara ne.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gayya: mai kyamara, edita da marubuci su yi wa juna aiki bi da bi, a rubuta kwana nawa kowa ya ba da.

Tambaya: Mun gama fim, saura naira dubu 200 a hannunmu. Ta yaya za mu tallata shi? Muna kuma sha'awar kai shi gasa. (Daga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a Jekadafari, Gombe)

Amsa: 'Yan'uwa, kafin talla akwai hukuma. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke duba fim ta ba shi matakin shekarun masu kallo kafin a nuna wa jama'a ko a sayar. In za ku kai shi Kano, jihar tana da tata hukumar tun 2001, da nata sharuɗɗan. Ku tambayo kuɗin da ake biya ku cire shi tukuna.

Sannan ku yanke shawara tsakanin gasa da YouTube, domin bukukuwan fina-finai da yawa, inda ake gasar, ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya hau intanet kowa na kallo. In gasa kuke so, akwai Zuma da Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai hedikwata a Jos ke shiryawa a Abuja, da AFRIFF a Legas, da KILAF a Kano na fina-finan harsunan Afirka. Yawancin bukukuwa ta shafin FilmFreeway ake aika musu. Fassarar Turanci ita ke kayar da fina-finanmu a can. Ku ba malamin Turanci da ya san karin maganar Hausa, kada layi ya wuce biyu a allo, a kuma ajiye ta a fayil daban maimakon a manna ta a jikin hoto.

Tallar gida ba ta cin kuɗi sosai in an fara da wuri. Mako uku kafin saki a fitar da tirela ta daƙiƙa 60 zuwa 90, wadda ke nuna rikicin ta ɓoye ƙarshensa. A yanko gutsattsari 10 zuwa 15 na daƙiƙa 30, a tsaye yadda suka dace da waya, don TikTok da Facebook da WhatsApp, a raba wa duk wanda ya fito a fim da jadawalin ranar da kowa zai ɗora. Hoton da ke fuskar bidiyo ya zama fuska ɗaya ko biyu manya da kalma uku, a girman 1280 da 720. Ku duba shi a ƙaramar waya kafin ku amince. Gidajen rediyo irin su Amana FM da Progress a Gombe, ko Globe FM da BRC a Bauchi, suna da shirye-shiryen nishaɗi da ke neman baƙi, kuma hira ta minti 15 ta fi sanarwar daƙiƙa 30 tasiri. Ku kauce wa daren azumi lokacin tafsiri, da daren babban wasan ƙwallo, da ranar Sallah da manyan furodusoshi ke cika kasuwa.

In za ku haska shi a zaure, ku yi lissafi da rabin kujeru. Zaure mai kujera 300 a tikitin naira 1,000, ku ɗauka dubu 150 za ku samu; in hayar wuri da majigi da lasifika da mai sun haura haka, ku nemi ƙaramin wuri ko zauren makaranta ta hannun ƙungiyar ɗalibai. A nemi izini a rubuce, a gwada sauti kwana ɗaya kafin ranar, a fara bayan La'asar yadda za a tashi kafin Magariba.

Gidan talabijin kamar Arewa24, ko wata manhajar kallo, in sun nuna sha'awa, ku ba su izinin nunawa na ƙayyadadden lokaci, shekara ɗaya ko biyu, a rubuta ko an hana ku ɗorawa a wani wuri a tsawon lokacin. Kalmar "har abada" in ta fito a takarda, ku kai wa lauya kafin ku sa hannu.

Tambaya: Za mu iya ɗaukar fitowa biyu a Yankari? (Daga wani darakta a Dass)

Amsa: Za ku iya, da izini a rubuce daga hukumar wurin, wanda ke hannun gwamnatin Jihar Bauchi, ku faɗi adadin mutane da kayan aiki, ku tambayi kuɗin kyamara, kuma in da jirgi marar matuƙi a cikin kayan, shi izininsa daban ne daga hukumomin tsaro da na sufurin sama. Daga cikin Bauchi zuwa sansanin Wikki da ke cikin Yankari ya haura kilomita 100, don haka fitowa biyu za su ci muku yini guda da kwana. Ku je da rani, a tsakiyar mako, lokacin da ruwan Wikki ba ya cika da 'yan yawon buɗe ido. Ku kuma sa mutum ɗaya ya tsare jakunkuna da abinci, domin birran sansanin sun saba da mutane, suna buɗe jaka, suna shiga mota in an bar gilashi a sauke.